Katin da Na Rubuta wa Salisu

Cikin ranakun aikina akwai wadda ban taɓa mantawa da ita ba, a daminar shekarar da aka ƙirƙiro Jihar Jigawa. Ina ƙaramar ungozoma a wani asibitin haihuwa a ƙasar Haɗejiya, rajistar jarirai kuma a hannuna take. Ƙa'idar gwajin ji a lokacin ita ce a tafa hannu kusa da kunnen jariri yana farke. In bai razana ba, a sake gwadawa wata rana kafin a rubuta komai.

Wata mata mai suna Hajara, daga wani ƙauyen fadama kusa da Kafin Hausa, ta kawo ɗanta na uku, Salisu, yana da mako biyu. Na tafa sau biyu, ko ƙiftawa bai yi ba. Ganin ruwa ya fara cinye hanyarsu, dawowa za ta yi wuya, sai na rubuta "ba ya ji" a katinsa, na kuma gaya mata. Uwar mijinta, wadda ta rako ta, ta ce ai yaron yana sakin nono duk lokacin da uwar ta yi magana. Na hasala, na ce asibiti ba ya aiki da zaton tsofaffi.

Bayan wata biyu Hajara da uwar mijinta suka dawo da shi rigakafi. Shugabarmu, Sista Saratu, mutuniyar Filato, ta karanta katin, ta tambayi sana'ar gidan. Ashe injin casar shinkafa ne a jikin ɗakinsu, yaron ya saba da ƙara tun yana ciki. Ta sa aka ba shi nono, ta ce in yi magana. Ya ci gaba da tsotso. Sai ta ce uwar ta kira shi.

Hajara ta sunkuyar da kai. "Sista, tun ranar ban ƙara yi masa magana ba. Malama ta ce ba ya ji."

Da ƙyar ta furta sunansa. Yaron ya tsaya cak, ya ɗago ido.

A gabansu Sista ta bayyana mini cewa tun ranar haihuwa ƙwaƙwalwar jariri tana bambanta magana da hayaniya, da muryar uwa da ta baƙo, kuma da jin magana take koyon harshe. Ni kuwa, da hannuna, na hana shi muryar uwarsa wata biyu. Na durƙusa na ba tsohuwar haƙuri. Ta ce, "Allah ya yafe mana, 'yar nan."

Ku da ke aikin yanzu, ku sani abin da muka faɗa a asibiti, hukunci ne a ƙauye. Ku saurari masu renon yaro kafin ku ɗauki biro.