Ranar da jinina ya kusa kashe matata

Shekarun baya, matata ta yi haihuwa ta biyar a wani ƙaramin asibiti a Bungudu, ta zubar da jini sosai. Da hantsi aka ce sai an ƙara mata jini leda ɗaya. Ni kuwa da rawar kai na miƙa hannu, na ce ai rukunin jininmu ɗaya, me za a jira? Mai ɗakin gwaji ya ce in bari a haɗa jinin biyu a gani tukuna. Na tayar masa da hankali, har da buga tebur, sai ka ce ni na karanta aikin. Ya duba rukuni kawai, aka ɗebi nawa aka ɗaura mata.

Ba a yi minti goma ba ta fara karkarwa, haƙoranta na haɗuwa. Ta riƙe rigata ta ce, "Malam, bayana zai tsinke." Fitsarin da ke sauka a roba ya koma kamar zoɓo. Nas ta rufe ledar da gudu. Ni dai na zauna a ƙasa ina salati. Ban taɓa jin tsoro irin na ranar ba.

Muka kwasa sai Gusau. Can wani likita ya ja ni gefe, ya tambayi wanda ya ba da jinin. Na ce ni ne, mijinta. Ya ce, "Yaranku sun gaji wani abu a jininka da babu shi a nata. Tun tana ɗaukar cikinsu jikinta ya san shi, ya yi masa shirin yaƙi. Rukuni ɗaya ba shi ke nan ba."

Kwana biyu ana gwada dangi, ana cewa bai dace ba, ana kuma tsoron ƙodarta. Sai da yayanta ya zo daga Tsafe aka dace. Ta tashi, alhamdu lillahi.

Tun daga nan na daina koya wa mai aiki aikinsa. Amma tsoron bai sake ni ba. An ba ta kati mai bayanin jininta, kuma har yau ko nan kusa Furfuri za ta je barka, sai na buɗe jakarta na gan shi da idona kafin in bar ta ta fita.