Yarinyar da Ke Kallon Bakina

Lokacin da nake koyar da 'yan aji uku a firamaren ƙauyenmu, kusa da Tofa, akwai yarinyar da kallonta ke ba ni haushi. Da na buɗe baki sai ta kafa mini ido ƙuri, ko ƙiftawa babu. Mu kuwa an raine mu a kan yaro ba ya haɗa ido da babba. Sau nawa na daka mata tsawa: "Ke, sauke idonki, marar kunya!" Ta sunkuyar da kai, in yi tambaya, ta yi shiru. Sai na ƙara mata da sunan daƙiƙiya.

Farkon damina aka tura ni bitar kwana uku kan yadda za a tsara darasi ya kai ga kowane yaro, har da masu lalura. Ni kaɗai daga makarantarmu, wai in dawo in koya wa saura. A rana ta biyu, dattijuwar da ke ba mu horo ta sa muka toshe kunnuwa da auduga, ta juya mana baya tana rubutu a allo tana magana. Ba mu tsinci komai ba. Da ta juyo, sai na kama kaina na zuba wa bakinta ido. Rashin sani ya fi dare duhu. Wallahi ranar ko abinci ban iya ci ba.

Na dawo na matso da yarinyar gaba, na daina magana ina fuskantar allo, na ce ta kalle ni son ranta. Ashe zazzaɓi ne ya taɓa mata kunne tun tana ƙarama, kanta kuwa ras. Cikin sati uku ta fara ɗaga hannu.

Na roƙi hedimasta awa ɗaya in yi wa malamai bayani. Ya ce, "Malama, bari a gama noma tukuna." Aka gama noma, ya ce sai bayan girbi. Ana cikin haka, ranar da na kai ɗana asibiti, wani malami ya riƙe mini aji. Yarinyar ta kalle shi yadda na koya mata. Ya zane ta da bulala, bai tsaya nan ba, ya kai wa ubanta ƙara wai ta fara fitsara. Awa ɗaya fa na nema! Har yau in na tuna, raina tafasa yake.

Ba ta sake zuwa ba. Na bi ta gida, na tarar da uwarta tana sussukar gero. Aka taɓo yarinyar, ta zo ta durƙusa, kanta a ƙasa. Na ce ta yafe mana, wurinta yana nan, ta dawo ranar Litinin. Sau uku na faɗa, ina ɗaga murya. Ba ta ɗago ba.

Uwar ta yi murmushi ta ce, "Kin gani ko, Malama? Yanzu ai ta yi hankali."