Fassarar Kawu a Silimar Unguwarmu

Wata "hiyaa!" da ta ratso bangon gidan ɗana a unguwar Cheras, nan ƙasar waje, ce ta katse mini gyangyaɗin azahar. Maƙwabci ne ke kallon fim irin na da, 'yan Cana da hannu, sojan Japan da bindiga. Na sa jikata ta lalubo mini irinsa a waya, don ni da boko tun a firamare muka rabu, ba faɗa ba zagi.

Ka ga, muna yara, kawuna ne tafintan silimar unguwarmu. Tsohon soja ne, ya yaƙi Japanawa a ƙasar Bama, ya dawo da ɗingishi da shiru. Ko Inna, yayarsa, ba ta taɓa jin labarin yaƙin daga bakinsa ba. Amma da bazara, a silimar nan marar rufi, siminti na gasa mana mazaunai, hayaƙin taba na yawo cikin hasken majigi, da zarar akta ya buɗe baki sai Kawu ya ɗaga murya: "Cewa ya yi, mun wuni cikin ruwa har wuya, matsattsaku na shan jininmu." Can kuma: "Cewa ya yi, abokina Bazazzagi na baro a gindin gora, ban binne shi ba." Ba wanda ya taɓa tambayar me ya kai Bazazzagi Cana. Layinmu kaf tsit, har mai gyaɗa.

To ina cikin ba jikata wannan fassara, ita tana bin rubutun da ke gudu a ƙasan hoton, sai ta kwashe da dariya.

"Kaka, ba haka ba ne lah," in ji ta da irin bakin 'yan ƙasar nan. "Ai ba yaƙi ba ne. Shinkafa fa yake tambaya."

"Amarya, wa ya rubuta?"

"Masu fim ɗin mana."

"Sun je Bama?"

"Kaka, Cana ce!"

"To kin gani."

Na sa babban yatsa na danne rubutun. Yaran yanzu sai an shimfiɗa musu magana a ƙasa suke yarda an yi ta. Ta ce za ta kai ƙarata wurin babanta mai tarin digiri. Ta kai mana, ai ni na haife shi. Cikin waɗanda suka ji yaƙin Kawu ni kaɗai na rage, kuma gobe ma zan maimaita mata, har ta haddace kuskuren nan daidai yadda aka ba ni shi.