Tsakanin Sallama da Salama

Ranar jajibirin Kirsimeti, ashirin da huɗu ga Disamba, a shekarar da nake aji huɗu na firamare, ni ce na buɗe akurkin kajinmu da sassafe. Aikina ne kullum. Na janye dutsen da muke tokare murfin da shi, na ja baya ina jiran su fito da gudu yadda suka saba, amma babu wanda ya fito. Na durƙusa na leƙa. Zakaru uku ne, tun damina Mama take kiwonsu da tsaki da dusa saboda wannan rana. Ga su nan kwance a kan juna, wuyansu a lanƙwashe, tururuwa har ta fara bin idon jan cikinsu. Na sa hannu na taɓa farin, na ji da sauran ɗumi a ƙarƙashin fiffikensa. Ɗari ake yi sosai, ƙafata ba takalmi, amma na daɗe a durƙushe a wurin, domin sanyin ya fi mini sauƙi a kan in koma ɗaki in faɗa wa Mama.

Mu ba 'yan Shagari ba ne. Iyayena daga ƙasar Zuru suka fito, aikin koyarwa ne ya kawo Baba, kowa a garin Ticha yake ce masa. Mun kama ɗaki biyu a bayan gidan Malam Dikko, wani dattijo manomin albasa, aka kewaye mana da zana muka samu ɗan tsakar gida namu. A unguwar mu kaɗai ne Kirista. Ran Lahadi Baba yakan ɗauke mu a babur ɗinsa, ni da Mama da ƙanena Iliya, mu tafi Bodinga inda 'yan'uwa Kirista suke taruwa su yi sujada a wani ɗan ɗaki mai rufin kwano. Sauran kwanakin kuwa rayuwarmu ɗaya da ta 'yan gidan. Da su nake zuwa rijiya, da su nake tsintar kara a gonakin da aka girbe, da su muke carafke a gindin darbejiya bayan sun dawo daga makarantar allo. Lokacin dashen albasa mukan kai wa Malam Dikko fura a fadama, mu tsaya muna kallon yadda yake buɗe wa ruwa hanya da fartanya daga wannan fage zuwa wancan, mu dawo ƙafafunmu duk laka, tufafinmu suna warin ganyen albasa. A makaranta ma tare muke sharar fili da tsintsiyar da kowa ya zo da ita daga gida, wadda ta manta tata ta sha bulala a tafin hannu.

A gidan na koyi sallama. Matar Malam Dikko, Inna Kulu, ba ta wasa da ita. In ka faɗo mata sashe kai tsaye sai ta ce, "Koma ki yi sallama, nan ba kasuwa ba ta." In za ka tafi ma haka, ba a zamewa a ɓace, sai an yi sallama. Kalmar ta zauna a bakina, ina jin ta sau ba adadi daga safe zuwa magariba.

Akwai kuma al'adar kwano. Da Sallah kwanoni sukan shigo mana daga gidaje da yawa, tuwo da miyar nama da soyayyen naman layya, har mu rasa inda za mu juye. Da Kirsimeti mu ma mukan mayar. Baba bai taɓa yanka kazar Kirsimeti da hannunsa ba. Ranar jajibiri Malam Dikko yake kira ya zo da wuƙarsa ya yanka, domin kowa a unguwar ya ci da kwanciyar rai. Washegari kafin mu tafi Bodinga ni da Iliya mukan zaga gidajen da shinkafa da miya, kowane kwano da tsokarsa a sama.

A watan Agusta na wannan shekarar Baba ya rasu. Kwana tara ya yi a asibiti a Sakkwato, Mama tana jinyarsa, mu kuma muna wurin Inna Kulu. A rana ta takwas Mama ta ga ya samu barci, ta ce bari ta zo ta gan mu ta ɗauki wankakkun kaya. Ba ta tashe shi ba. Da ta koma washegari ta tarar an yaye zanen gadon. Bayan an kai shi gida Zuru an binne mun dawo, magana ɗaya na riƙa jin tana maimaita wa masu zuwa gaisuwa: "Ko sallama ba mu yi ba." Daga baya ta daina faɗa, ta daina wasu abubuwan ma. Ta naɗe Littafin da Baba yake karanta mana kowace safiya a cikin rigarsa, ta sa a akwatinsa ta kulle. Addu'ar safe ta tsaya. An sayar da babur, ba mu ƙara zuwa Bodinga ba, ko da 'yan'uwa suka aiko a tambaye mu. Ta fara soya ƙosai a bakin hanya, takan tashi tun asuba ta yi markaɗe, ta yini ba ta dube ni sosai ba. Ni kuwa na sa wa raina cewa saboda mu ne ta baro shi, shi ya sa ba ta son ganin fuskarmu. Na rasa uba, ina kuma ganin uwar tana tafiya alhali tana zaune a gabana. Wannan ne tsoron da na kwana da shi wata huɗu, ban gaya wa kowa ba.

Abu ɗaya ta riƙe da ƙarfi, shi ne kwanon Kirsimeti. Ta ce ba za a ce gidan Ticha ya mutu tare da shi ba. Tun farkon Disamba take shiri kamar mai faɗa da wani. Ta tsince shinkafa sau biyu, ta goge kwanonin da toka har suna ɗaukar ido, ta warware ɗinkin rigar Iliya ta bara ta ƙara mata tsawo. Kullum sai ta tambaye ni ko na ba zakarun ruwa.

Ran jajibirin nan, a ƙarshe na koma ɗaki na faɗa mata zakarun sun mutu. Ta fito ta zaro su ɗaya bayan ɗaya ta jera a ƙasa. Ta taɓa farin, ita ma ta ji ɗumin da na ji. Ta daɗe tana kallonsa, sannan ta ce, "Rahila, hura wuta ki ɗora ruwa." Na hura, na ɗora. Da ruwan ya fara motsi na ga ta ɗauko wuƙa, sai na gane nufinta. Na ce, "Mama, mushe ne fa. Su Inna Kulu za su ci." Ta juyo ta ɗauke ni da mari. Ba ta taɓa marina ba sai ran nan. Ban yi kuka ba, Iliya ne ya yi a madadina.

Ana cikin haka muka ji sallamar Malam Dikko a bakin zana. Ya zo da wuƙarsa kamar kowace shekara, ba wanda ya aika masa. Ya dubi zakarun, ya dubi tukunyar da ke tafasa, ya dubi kumatuna. Ya ce, "Matat Ticha, waɗanga sun riga wuƙata. Nawa ma duk sun mace, ciwo na ya shigo gari. Kawo in tahi da su in bizne." Ya tattara su ta ƙafafu ya fita zai binne su. Bai ce uffan a kan tukunyar ba, ran nan ko bayan nan. Mama ta sauke ruwan ta watsar, ta zauna a kan turmi. Haka muka yini.

Safiyar Kirsimeti murhunmu a sanyaye yake. Mama tana zaune a gabansa ta lulluɓa da zane, ta ba ɗakin baya. Iliya ya sa rigarsa da aka ƙara wa tsawo yana ta tambayata yaushe za mu tafi Bodinga, yaushe za a kai kwano. Don ya yi shiru ne kawai na ɗauko makullin daga ƙarƙashin katifa, na buɗe akwatin Baba. Ƙamshin sabulunsa da ƙurar alli suka taso. Na warware rigar, na zaunar da Iliya a tabarma yadda Baba yake zaunar da mu. Na so in karanta masa labarin haihuwar Yesu, amma ban san inda yake ba. Littafin ya buɗe da kansa a inda Baba ya sa guntun takarda, inda ya tsaya ke nan kafin ya kwanta ciwo. Ya ja layi da jan biron da yake duba aikin 'yan makaranta a ƙarƙashin wasu kalmomi. Wurin ne da Yesu yake gaya wa mabiyansa abin da zai bar musu kafin ya tafi. Na karanta da ƙarfi, da sauri, bakina ya bi abin da ya saba. Na ce sallama zai bar musu.

Daga waje, ba tare da ta juyo ba, Mama ta ce, "Sake karantawa."

Na sake, na kuma ce sallama.

Ta ce, "Sa yatsanki a kai. L nawa kika gani?" Haka Baba yake yi mana gyara, da wannan muryar.

Na sa yatsa na duba. Na ce, "Ɗaya."

"To, wa ya ba ki na biyun?"

Sai na ji ta tashi. Ta ɗaga labule ta shigo, ta zauna a tabarmar, ta karɓi Littafin. Karatunta ba shi da ƙarfi, amma ta ga jan layin, ta bi shi da yatsa daga farko zuwa ƙarshe. Ta ce, "Salama. Sallama mai tafiya ke yin ta, in ya samu dama. Babanku bai samu ba. Salama kuwa kwanciyar rai ce, wanda aka bari ake ba wa." Can ta ce, kamar ba da mu take ba, "Wata huɗu ina rigima da Allah a kan mai L biyu, ashe ga mai ɗaya na kulle a akwati."

Ta yi kuka ran nan irin wanda ba ta yi ba ko a wurin binnewa. Da ya lafa ta ɗora tafinta a kumatun da ta mara, ta daɗe ba ta ɗauke ba. Ban san yadda aka yi ta san abin da ke raina ba, amma ta ce, "Ni na so ganinku ran nan. Ba ku kuka kira ni ba." Sannan ta ce mu rufe ido. Addu'ar gajera ce, ina iya tuna ta duka: "Ubangiji, ga mu nan. Ba mu da komai yau. Ka ba mu wadda ka ce za ka bar mana."

Rana ta ɗaga kafin ta hura wuta. Ta dafa shinkafar da wake, ta yanka albasa mai yawa daga wadda Malam Dikko ya ba mu tun kaka, ta soya a man ƙosai har ta yi ja, ta zuba a saman kowane kwano inda tsoka take zama. Na ji kunyar ɗauka, amma na ɗauka. Inna Kulu ta buɗe nata ta leƙa, ta biyo ni har sashenmu da kwanon a hannu. Ta yi sallama, ta ce, "Matat Ticha, bana albasa anka yanka?" Mama ta ce, "Ita ce, Inna. Ku ci da kwanciyar rai, Malam ne ya noma ta." Inna Kulu ta yi dariya har tana dafa zana, Mama ma ta yi kaɗan. Inna ta zauna nan ta cinye tare da mu.

Ba zan ce komai ya gyaru daga ran nan ba. Wahala ta ci gaba yadda take. Shekarar da ta biyo baya muka bar Shagari muka koma ɗaki ɗaya a Bodinga, kusa da 'yan'uwa, Mama ta soya ƙosai har idanunta suka raunana da hayaƙi. Akwai ranakun da nakan same ta tana hawaye a kan markaɗe. Amma Littafin bai koma akwati ba, kuma tana dubana in tana yi mini magana.

Bana, watanni biyu da suka wuce, Mama ta rasu a wannan ɗakin na Bodinga. Ina aure a Sakkwato, tafiyar ba ta da nisa. Mun yi waya ran Talata, ta ce ƙafarta ce kawai ke damunta, na ce ina nan zuwa ran Asabar. Ran Alhamis aka kira ni. Yanzu Kirsimeti ya matso, yarana suna maganar ɗinki da takalmi, akwai kaji a bayan gida, babu abin da na rasa na dafawa. Maƙwabtana a nan kowa da ƙofarsa ta ƙarfe, ban san ko kwano nawa zan fitar ba. Nakan tsinci kaina a tsakiyar aiki ina cewa a raina da na tafi ran Laraba, ina maimaitawa yadda ta riƙa maimaita tata maganar. Jiya na ɗauko Littafin, yana wurina yanzu. Jan layin ya koɗe, gefen shafin ya yi baƙi da man yatsunta. Na sa nawa yatsan a kai na ƙirga a hankali, yadda aka koya mini.

Ni ma ba mu yi sallama da ita ba. L ɗin dai har yau ɗaya ne.