Jitar Yaya Sabo a Gonar Gayya

Ranar wata Laraba cikin damina, shekarar da na maimaita aji uku saboda malamai sun kasa rabuwa da ni, Yaya Sabo ya sauko daga motar kasuwar Tsanyawa rungume da doguwar jita mai tsirkiya huɗu, kowace ta kai kaurin igiyar ɗaure akuya. Shekara biyu ya yi a Kano yana bin makaɗa. Baba ya amsa sallamarsa ciki-ciki, ya ce ɗaki na nan, fartanya ma na nan.

Kullum in an taso daga gona, Yaya yakan zauna gindin rumbu yana nanata sauti huɗu, ɗaya bayan ɗaya. Ukun farko kamar masu zuwa ta'aziyya, na huɗun ya hau sama ya tsaya, saura yatsa ɗaya ya isa gida. Wai sunan abin maina-mejo, ni da bokona ya ƙare a aji biyar ban isa in musa ba. Yakan sa in manna kunnena a jikin katakon, sai in ji rugugi kamar hadari ya taso daga gabas, har haƙorana na rawa. Ban taɓa ja da baya na saurara daga nesa ba.

Ciyawa ta fi ƙarfin gonar geronmu, Baba ya kira gayya. A lokacin samari ba sa duƙawa sai mai ganga yana bayansu yana kiran sunan iyayensu. Baba ya aike ni ƙauyen gaba in kira Ɗanjuma mai gangar noma. Ni kuwa, shugaban masu hankali, na juyo daga rabin hanya na ce Yaya ya ce ba sai an kira kowa ba, jitarsa ta fi ganga goma. Baba ya ce, "To, bari mu ga amfaninta." Ina jin dalili yake nema ya karɓi ɗansa.

Da safe Yaya ya ce abin ba ya magana sai da lantarki da lasifika. Baba ya ce ai Yaya ne ya yi alkawari, ga mutane sun jeru. Yaya ya dube ni sau ɗaya, ya ɗauki jitarsa. Ya tsaya bakin gona yana kaɗawa, gumi na zuba, ba abin da ake ji sai ƙarar fartanya. Wani ya ɗago ya ce, "Sabo, ka fara ne, ko tana alwala?" Kafin hantsi ya yi zafi sun shanye furar da aka kawo musu sun watse, rabin gona na nan yadda take. Ba a kiran gayya sau biyu a damina ɗaya, kowa da ranarsa. Shekarar nan rumbunmu ya ƙare tun rani, Inna na dafa tafasa da dusa. Baba ya ce wa Yaya ya kunyata shi a gaban gari. Yaya ya tafi kafin girbi, bai taɓa faɗa cewa ni na shirya ƙaryar ba. Bayan shekaru labarin rasuwarsa ya zo daga kudu.

Yanzu ba gayya, ba ganga. Yaro ɗaya ya goya tankin feshi ya gama ciyawar gona kafin azahar, kuma kowane shagon caji a garin nan yana da lasifikar da za ta tashi matacce. Jikokina na cewa na cika surutu. Ranar da maganata za ta yi amfani, shiru na yi.