Aiki Ɗaya Kafin Litinin

Shekara goma sha ɗaya ke nan Anti tana rainon 'ya'yan mutane. Mata masu fita aiki su ajiye mata da safe, su ɗauka da yamma, kuma ɗan kowa bai taɓa ko ƙujewa a hannunta ba. Bakinta kamar reza, amma abu ɗaya ya gagare ta: cewa a'a. Duk wanda ya kawo shawara, sai ta ce, "To, za a yi."

Shi ya jefa ta cikin masifa ranar Asabar ɗin nan. Mai gidan haya ya karɓe ɗakinta na ƙasa, ya tura ta sama, matakala sha bakwai, siminti tsurarsa. Litinin yara tara za su zo. Kafintan da ta kira ya gyara wurin kuma ya ce yau kaɗai gare shi, gobe zai bar gari sai bayan wata guda.

Ta miƙa masa takarda cike gaba da baya: ƙananan gadaje, allon talla, tebur, kantar jakunkuna, akwatin kayan wasa, ƙofa a bakin matakala. Ya duba, ya soke fensir a kunne.

"Anti, hannu biyu Allah ya ba ni. Ɗaya zan yi. Wanne?"

"Duka mana!"

"To sai an jima." Ya ɗauki zartonsa.

"Kai Malam, tsaya! Wane irin mutum ne kai?"

Ƙanwarta, da ta zo taya shara, ta yar da tsintsiya. "Yaya, allo! Kin dawo sama kamar tantabara, wa zai san kina nan? Haka za ki ƙare da yara tara har ki tsufa?"

Waya ta yi ƙara. Maman 'yan biyu ce, nas, wadda ta fi kowa daɗewa da ita. Anti ta sa a kunne, amma har kafinta na ji.

"Anti, an fara gadajen? Na gaya miki fa, 'ya'yana sun gama kwana a tabarma. In babu gado, babu mu."

"To, za a..." Ta haɗiye sauran. "Zan kira ki."

Ga ƙanwa ta kama ƙugu, ga kafinta na kallon agogo, har sha ɗaya ta gota.

"Bari in tambaye ki," in ji shi. "Ba su nake tambaya ba, ke. Me uwa ke nema in ta kawo miki ɗanta?"

Shekara goma sha ɗaya, ba wanda ya taɓa yi wa Anti wannan tambayar. Ta leƙa matakalar. Ta tuna cikin taran nan huɗu sun fara tafiya, ɗaya ma har buɗe ƙofa ya iya, ita kuma in tana canza wa jariri kunzugu baya take ba su.

"Ta tafi aiki ba ta waiwayo ba," ta ce. "Ta dawo ta same shi yadda ta bar shi."

"To wanne?"

"Ƙofar matakala. Ka sa sakata can sama, inda ɗan ƙwal ba zai kai ba."

"Haba Yaya! Allon fa?"

"Ke rufe min baki, ɗauki tsintsiyarki."

Kafinta ya ja awo, ya fara yanka katako. Anti ta fita baranda, ta kira nas.

"Babu gado sai wata mai zuwa. Ƙofa na zaɓa."

"Au, haka kika ce?"

"Haka na ce."

Ƙit, aka kashe waya.

Litinin da safe ta tsaya a bakin sabuwar ƙofar tana karɓar yara, tana mai da sakata bayan kowanne. Har ƙarfe tara tana leƙen titi. Bakwai suka zo. Ta ja tsaki, ta goge ido da bakin ɗankwali, ta rufe, ta juya wajen mai kuka.