Kwale-kwalen Saura-Kaɗan

Ƙanena kafinta bai taɓa cin matarsa a gardama ba, amma kayen da ya sha a kan haƙarƙarin jirgi ya fi kowanne daɗin ji.

Ya daɗe yana sassaƙar wani lanƙwasasshen katako da zai zama haƙarƙarin kwale-kwalen da yake haɗawa a tsakar gida. Ya jingine shi kusa da kicin, ya fita sayen ƙusa. Da ya dawo ya tarar da abinci, ya zauna ya share kwano tas, sannan ya tashi neman katakonsa.

"Maman yara, ina itacen da na ajiye a nan?"

"Wane? Wannan karkataccen? Ai na ɗauka lalacewa ya yi."

"Lalacewa? Haƙarƙari ne! Haƙarƙarin jirgi!"

"To ai ba a rubuta a jikinsa ba. Kuma da shi na dafa abin da ka gama lashe yatsu a kai yanzun nan. Jirginka yana cikinka, Malam. Sha ruwa ya samu inda zai yi iyo."

Ina zaune a wurin, na yi dariya har da hawaye. Shi kuwa ya ɗauki gizagonsa ya fara sassaƙar wani.

Duk unguwa Saura-Kaɗan ake ce masa. Ka kai masa aikin gado, ka koma bayan wata guda, ya ce saura kaɗan. Ka koma matarka ta haihu, saura kaɗan. Sai dai ranar da ya ba ka, ka gama sayen gado a duniya. Ƙofar ɗakina shi ya yi ta tun ina da haƙorana duka. Haƙoran sun watse, ƙofar ko ƙara ba ta yi.

Da ya bar wa yaransa shago muka ce to, tsoho zai huta. Ina! Sai ga katakai ana saukewa a ƙofar gida. Na ce, "Kai da ko a baho ka shiga sai an riƙe maka hannu, me ya haɗa ka da jirgi?"

Ya ce, "Yaya, tun ina yaro nake yin abin da ake kafewa wuri ɗaya. Ƙofa, gado, kabad. Ina so in yi abu guda da zai tafi."

A bakin matarsa na ji sauran zancen. Likita ya ce hawan jinin ido ne, ba ya warkewa, sai dai a rage masa gudu. Ganin nasa yana tsukewa daga gefe, kamar mai leƙe ta ramin makulli. So yake ya gama jirgin nan da hannunsa, ya gan shi a kan ruwa kafin ramin ya toshe. Ranar na ji sunan nan da muke tsokanarsa da shi ya yi mini nauyi a baki. Ban daina kiransa ba, don in na daina zai gane na sani.

Tsakar gidan ta koma shago. Ya dafa ruwa a rabin ganga, ya turara katako har ya yi laushi, ya lanƙwasa shi a hankali yana yi masa magana kamar mai lallashin jariri. Matarsa ta mai da haƙarƙarin wurin shanya. Kaza ta yi ƙwai a ciki, ya dakatar da aikin wannan gefen har ta ƙyanƙyashe.

Da ido ya ƙara ja baya sai ya koma aiki da tafin hannu. Ya shafa katako daga kai zuwa gindi, ya tsaya cak, ya ce, "Nan akwai tudu." Ni da idona biyu ban ga komai ba. Ya goga da samfefa, ya sake shafawa. Auduga da kwalta da yake cusawa tsakanin katakai, da kunne yake aunawa: in ya buga guduma ya ji sautin ya cika, ya matsa gaba. Babban yatsansa ya sha guduma har farcen ya yi baƙi.

Babban ɗansa mai walda ne, yaron kirki, sai dai gaggawa kamar an biyo shi. Kullum ya shigo sai ya ce, "Baba, kawo in ƙarasa maka. Yini biyu na gama."

"Je ka ƙona ƙarfenka."

Fenti ma shi ya shafa da kansa, shuɗi, har da rabin bangon kicin da jelar akuya.

Ranar da aka kai jirgin kogi a bayan mota, rabin unguwa suka bi mu, wasu don taya murna, wasu don su ga ya nutse. Bai nutse ba. Ya zauna a kan ruwa ɗas, kamar can aka haife shi. Ƙanena ya durƙusa a bakin gaɓa yana juya kai a hankali, yana bin jirgin da ɗan ganin da ya rage masa, daga hanci har wutsiya. Matarsa ta juya baya tana gyara ɗankwalin da ba abin da ya same shi.

Ɗan nasa mai walda ya shiga da filafili ya tuƙa. Sai jirgi ya karkata hagu. Ya daidaita shi, ya sake karkata hagu. Wani masunci da ke gefe ya ce gefe ɗaya ya ɗan fi ɗayan girman ciki, amma in mutum ya saba da shi zai kai shi ko'ina.

Ɗan ya fito yana haki. "Baba, a karkace yake. Idonka ne ya cuce ka a gefen hagu. A mayar da shi gida, in kira yaran shago mu ɓalle katakan nan mu sake."

"Ba mai taɓa shi."

"Haba Baba! Mutane za su ce aikinka ne fa. Ka yi suna a garin nan, ka ƙare da karkataccen abu?"

Kowa ya san in aka ɓalle gefen nan, ba ƙanena ne zai mayar ba, kuma ba lallai ya ga an mayar ba. Na buɗe baki zan wanke yaron tas, ƙanena ya riga ni. Ya laluba ya kamo kunnen ɗan nasa, ƙaton mutum mai 'ya'ya, ya ce:

"Kai ma aikina ne. Lokacin da idona ke garau na yi ka, ka fito a karkace. Ka taɓa jin na ce a ɓalle ka a sake?"